Waƙar da Muka Yi wa Habboba a Bakin Ƙofa

Hillar Mato, kusa da Hajj Abdalla
Litinin, 6 ga Mayu, 1968

Zuwa ga Gwaggo Hannatu, a Bur Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwarsa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Almu da yara gaba ɗaya. Allah ya sauƙaƙa maki ciwon gwiwar nan, ya raba ku da zafin bakin teku, ya albarkaci neman Alhaji. Mu nan an gama cirar auduga, an fara tuge kara. Baba yana nan da ƙarfinsa, kullum yana hawasha, gonar nan da ya fi so a kan mu duka. Inna lafiya lau. Ramatu 'yar'uwata ta sauka, an sami namiji, an sa masa Salihu. Labari mai daɗi ya ƙare a nan, Gwaggo. Salmanu, na san kai za ka karanta mata, to ka ji tsoron Allah kada ka tsallake ko layi ɗaya don ka raga mata, kuma kada ka gyara mini magana. Yadda na rubuta haka nake nufi.

Maganar Habboba ce, mahaifiyarki. Yau kwana goma sha shida ba ta ci abincin gidanmu ba, kuma ni ne sanadi. Gara ki ji daga bakina kafin masu ɗaukar labari a lori su kawo maki shi da ƙari.

Wataƙila kin ji cewa tun bara na shiga wata firƙa, wato rukunin mawaƙa. Mu goma sha biyu ne, samari takwas da 'yan mata huɗu, duk 'ya'yan Hausawa, kuma waƙar ita ce aikinmu, ba wasan dandali ba ne. Wata ƙungiya ce a Madani ta tara mu, ta ba mu wani malamin makaranta, Ustaz Mahadi, ya koya mana yadda ake haɗa murya, wasu sama wasu ƙasa. Lori ke yawo da mu ƙauye ƙauye da ɗakunan shan magani. Muna waƙa a kan tsargiya da sauro da tafasa ruwan tur'a, magudanar nan da ke ba gonaki ruwa, kafin a sha, amma babban abin da Ustaz yake so shi ne jama'a su karɓi amshi. Yana cewa ƙirjin da ya yi waƙa tare da 'yan uwansa ya fi saurin warkewa. Ba zan yi masa ƙarya ba, na ga hakan da idona. A wani ɗakin shan magani wajen Hasahisa na ga dattijon da aka ce ya yi wata bai buɗe baki ba yana buga gefen gado da yatsa, har ya nemi a zaunar da shi. Don haka ni ban shiga da wasa ba, ko da Baba yake cewa ɗansa ya bar fartanya ya tafi roƙo da farar riga.

Matsalarmu ita ce yawancin 'yan firƙar Larabci ya fi zama a bakinsu, kuma duk muryoyin da suka sani na rediyo ne. Tsofaffi kuwa ba sa karɓar amshin abin da ba su sani ba. Sai Ustaz ya ce kowa ya koma gida ya samo mana muryar waƙa irin ta da, mu ɗora mata sababbin kalmomi. Nan take na ce ina da ita. Kin san gunagunin nan da Habboba take yi in tana kaɗi, baki rufe, wanda yake hawa sau biyu sannan ya sauka kamar mutum ya ajiye kaya? Tun ina rarrafe nake jin sa. Ba ta taɓa sa masa kalma ba, ni kuwa na ɗauka waƙar mazari ce. Na kai wa firƙa, na tsara mata baiti a kan tafasa ruwa da zama lafiya, Intisar mai ja mana baki ta ɗauka da muryar nan tata, har Ustaz ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce wannan ce sarauniyar waƙoƙinmu. Na yi kwana uku ina tafiya kamar ni na haƙa Nilu.

Tun sanyin bana Habboba take fama da tari, ƙafafunta kuma sun kumbura, amma tana cin tuwonta, tana zagin kowa yadda ta saba. Ni kullum sai ta ce mijin banza ya zo, ba cefane sai surutu, ni kuma in ce zan sake ta in auro 'yar Madani mai haƙora. Da aka ce lorinmu zai bi ta Hajj Abdalla, sai na roƙi Ustaz mu ratse mu yi wa kakata waƙa. Ban gaya wa kowa wadda za mu yi ba, wai ina so ta ji abinta ya dawo mata a bakin mutum goma sha biyu. Ranar Asabar ce da hantsi. Aka fito da gadonta aka sa a ƙofar ɗaki, mu kuma muka jera a gabanta sahu ɗaya da fararen kaya, lori yana tsaye a bayanmu bai ma kashe inji ba don muna sauri. Intisar ta ja, muka karɓa. Ustaz ya juya ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi, sai duk gidan ya karɓa, jikokinta da matan maƙwabta har da Inna. Na ga Habboba ta tashi zaune ba wanda ya riƙe ta, tana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba. Na ce a raina, ka ga magani. Da muka gama sai ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, mu kuwa muka hau lori muka tafi, ba wanda ya waiwaya.

Bayan kwana huɗu Baba ya aiko a ce in dawo. Na tarar tun ranar ruwa kawai take sha. Na durƙusa na ce matata mene ne, ko kishi ne don na zo da 'yan mata. Ba ta yi dariya ba, ba ta zage ni ba. Cewa ta yi mi nake jira har yanzu, in tashi in cim ma sauran kafin rana ta yi zafi.

Malam Sodangi ne ya warware mana, tsohon nan na bayan masallaci da suka taso ayari ɗaya na masu zuwa hajji da ita daga ƙasar Sakkwato suna yara. Ranar waƙar yana kasuwa. Da na rera masa muryar a rumfarsa, sai da ya jefe ni da carbi. Ya ce a ayarinsu, idan ciwo ya kayar da mutum har aka ga ba zai iya hanya ba, kuma ba halin a jira shi, sai a nemi gidan mutanen garin a kwantar da shi. Da safe in an gama ɗaure kaya, danginsa su jera a ƙofar ɗakin su yi masa wannan waƙar, suna ce masa ya zauna lafiya, hanya ta kira su, in Allah ya so za a aiko daga gaba a ɗauke shi. Daga nan su juya, ba a waiwaye. Wanda aka bari kuma ba ya ƙara taɓa abincin danginsa, don ya zama guzurin masu tafiya, sai abin da mutanen gari suka ba shi. Ya ce haka aka yi wa kakarki, uwar Habboba, a wani ƙauye cikin ƙasar Wadai. Habboba tana da shekara tara, tana cikin sahun, ita ma ta karɓi amshi don an ce ta karɓa. Kuma ba wanda aka taɓa aikawa baya.

Gwaggo, ko ke kin san wannan? Baba ya rantse bai sani ba, shi da ta haifa. Malam Sodangi ya shiga faɗa, wai yaran yanzu ba mu san komai ba sai tafi da Larabci, wai wa ya aike mu. Na ce masa Malam, shekara sittin kuna zaune a kan magana kamar kaza a kan ƙwai, in mun tambaye ku labarin hanya ku ce Allah ya kawo mu lafiya, ku rufe baki. Kun binne abu a tsakar gida ba ku sa alama ba, yau mun taka kun ce ba mu da ido. Ya ce ba a ba yaro irin wannan labarin. Na ce to ga shi yaron ya rera shi da murya huɗu. Na san rashin kunya ne, kuma na je na ba shi haƙuri daga baya, amma ban janye ba.

Ba abin da ba mu gwada ba. Liman ya zo ya zauna ya yi mata nasiha, ya ce ƙin abinci har mutum ya halaka kansa babban zunubi ne, kuma waccan al'ada ta hanya ce, hanya ta ƙare. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ita ba ta ƙi abinci ba, guzurin yara ne ba za ta ci ba, tafiya da nisa. Baba ya kawo akushi ya zauna gabanta yana ci yana cewa Iya duba, ba inda za mu, ga hawasha ga gida. Ta ce ya ci da kyau ya ƙoshi. Na zagaya da ita da baki ɗaki ɗaki, na ce ga tukwane a murhu, ga jaki a turke, wa ya ɗaure kaya? Ta ce ai ta ji motar tana jira. Na ce kuskurena ne, ban san ma'anar ba, na kwanta a ƙasa na riƙe ƙafarta. Ta dafa kaina ta ce ba komai, ita ma lokacin da ta yi ba ta san ma'anar ba. Wannan maganar ta fi mari zafi. Hankalinta bai gushe ba, Gwaggo, tana salla a kan lokaci, ta san sunan kowa. Abu ɗaya ne kawai ya zauna mata, cewa an sallame ta.

Na koma Madani na sami Ustaz. Ya ji tausayi, ban hana masa wannan ba, amma ki ji shawarar mai ilimi: wai damuwa ce irin ta tsofaffi, mu koma mu yi mata wata waƙa mai daɗi da tafi, ita za ta wanke ta farko. Na ce ya Ustaz, wanda ka zuba wa tafasasshen ruwa ba ka ce ya kawo ɗaya hannun ka gwada mai ɗumi. Ya ce in gyara harshena. Na ce harshen nan ne ya kawo masa sarauniyar waƙoƙinsa. Abu ɗaya na samu, ya yarda an daina yin ta ko'ina, don Allah kaɗai ya san tsofaffi nawa ne a ƙauyukan nan suka bi irin wannan ayarin. Intisar ta biyo ni gida, ta yafa tufa irin ta Larabawa, ta shiga da kwanon kunu tana Larabci wai ita 'yar gari ce. Habboba ta bar ta ta gama, ta ce ɗiyata, ba ke kika ja baki ba? Yarinyar ta fito tana kuka har lori.

Abin da ya riƙe ranta zuwa yau wata Balarabiya ce, Sittana, cikin makiyayan da suke sauka bakin tur'a bayan cirar auduga don dabbobinsu su ci ganye. Tana yawon sayar da nono. A kwana na shida ta shigo gidanmu, ta ga tsohuwa kwance, ta tsuguna ta ce ya hajja me ya same ki, ta zuba nono a ƙoƙo ta miƙa mata ba tare da ta san komai ba. Habboba ta karɓa da hannu biyu ta shanye. Inna ta saki muciya. Washegari Sittana ta zo da kisra, gurasar dawan nan tasu, da ɗan miya daga tukunyarta, Habboba ta ci loma biyar, na ƙirga. Mun yi murna, amma murnar da ɗaci, don kin ga abin da hakan yake nufi a wurinta. Ta sami mutanen garin da aka bar ta a hannunsu. Mun gwada ba Sittana tuwonmu ta kai mata, ta sansana ta ture. Ta san hannun Inna a miya.

Sai magana ta tashi a gari. A bakin masallaci aka fara cewa gidan Maliki, wato gidanmu, sun kasa ciyar da uwarsu, sai baƙuwar makiyaya ke ba ta sadaka. Kin san ƙaninki da abin da za a ce. Ya dawo ya tsaya a zaure ya kori Sittana, ya ce uwarsa ba almajira ba ce, in ta ji yunwa sosai za ta ci na gida. Kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba. Na same shi yana wanke ƙafa na ce Baba, za ka iya binne ta da mutuncinka a wanke, mutanen masallaci su zo su yaba yawan jama'a. Ya ce ni da na kashe ta da waƙa ne zan koya masa riƙon uwa? Na ce ni na yi nawa da jahilci, shi yana yin nasa da sani. Ya mare ni, karo na farko tun ina yaro, kuma tun ranar ba mu yi magana ba. Yanzu Sittana ta baya take shigowa, ta inda dangan ya faɗi, da hantsi in ya tafi hawasha. Ina jin ya sani, don ya daina dawowa shan ruwa a wannan lokacin. Sau ɗaya ke nan Habboba take ci a yini. Hakim, wato ma'aikacin ɗakin shan magani, ya zo ya duba ta, ya ce ƙirjin da sauƙi, yunwar ce abin tsoro, kuma ƙwayar da ya bayar ma sai Sittana ta sa mata a baki.

Ga abin da ya sa na rubuto da gaggawa. Jiya Sittana ta gaya mini cewa da zarar an fara ƙona karan auduga za su tashi da dabbobinsu, ba ta jin za su wuce kwana goma sha biyu. Na roƙe ta, ta ce ya waladi, wato ɗana, mijinta ba zai bar raƙuma su mutu don tsohuwar wasu ba, kuma gaskiyarta ne. Na nemi wata a ƙauyen Larabawa na tsallaken tur'a, ta zo sau ɗaya, Habboba ta ƙi, wai ita ba ta yawon gidaje, inda aka ajiye ta nan aka ajiye ta.

Na koma wurin Malam Sodangi na ce ya gaya mini yadda ake kwance wannan abu. Ya ce bai taɓa ganin an kwance ba. Na ce to a faɗar waƙar fa? Ya ce sai dai in an aiko daga gaba. Tun daga lokacin nake tunani, kuma ke kaɗai nake gani. Mu duk muna cikin sahun, har Baba da bai yi waƙar ba yana tsaye a wurin. Ke ba kya nan. Ke ce jininta da kike gabas, a bakin tekun da ayarin ya nufa bai kai ba. In kin shigo daga can kika ce kin dawo ɗaukarta, wataƙila ta karɓi abinci a hannunki. Na ce wataƙila, don ba zan yi maki alkawarin abin da ban sani ba. Na riga na yi wa tsohuwar nan wayo sau ɗaya, kin ga inda ya kai mu.

Don Allah, don darajar iyaye, ki taso. Na san gwiwa, na san nisa, na san Alhaji ba ya son ki yi tafiya ke kaɗai, to Salmanu ya rako ki. Ki biyo jirgin ƙasa ta Kasala da Gadarif zuwa Sinnar, ni zan riƙa zuwa tasha duk ranar da jirgi ke shigowa har in gan ki. Ki zo da abinci daga gidanki, ko busasshiyar gurasa ce da dabino, wanda ba a dafa a murhunmu ba. Kada ki sauka a zaure ki tsaya gaisawa da Baba, kada ki wanke ƙurar hanya, ki wuce kai tsaye wurinta da kayanki a ka. Kuma ki shirya a ranki, in ta ce to mu tafi, sai an tafi da ita, ko da ba za ta kai Sinnar ba. Wannan faɗan da Baba ni zan yi shi, na saba.

Jibirin direba ne zai kawo takardar nan hannu da hannu, ya ce kwana uku zai yi. Ki gaishe mini da Alhaji Almu da kyau, ki ba shi haƙurin wannan nauyi da na ɗora masa. Ina gaida Salmanu da Sawsan da ƙannensu. Inna tana gaishe ki, ta ce in gaya maki ta kasa haɗa ido da kowa. Ramatu da jaririnta suna gaisuwa. Baba bai san na rubuto ba.

Da safen nan na shiga na ce wa Habboba zan aika takarda Bur Sudan, ko tana da saƙo. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta ce in na cim maki a gaba, in ce kada ku jira ta a bakin ruwa, in jirgi ya zo ku haye. Na isar da saƙonta kamar yadda ta faɗa. Kada ki ji maganarta, Gwaggo. Ki zo.

Wassalam. Ni ne ɗanki mai laifi,
Abdulganiyu Maliki